Wayar Salula da Hidimar Bayan Ciniki a Ƙananan Masana'antun Arewacin Zamfara

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda wayar salula ta sauya hidimar da masu ƙera injunan niƙa da na casar shinkafa ke yi wa abokan cinikinsu a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Hujjarta ita ce babban amfanin waya a wurinsu yana bayan an sayar da inji.

Waiwaye

A 1988 Vandermerwe da Rada suka nuna cewa masana'antu na ƙara samun riba ta hanyar haɗa kaya da hidima, sai dai manyan kamfanonin Turai da Amurka suka duba. Jenny Aker kuwa, a bincikenta na 2010 kan kasuwannin hatsi a Nijar, ta gano cewa waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni. Tun daga nan wasu manazarta suka riƙa ɗaukar waya a matsayin hanyar jin farashi kawai. Wannan ya dace da ɗan kasuwar gero, amma bai wadatar ba ga maƙerin da injinsa zai shekara biyar yana aiki a ƙauye.

Hanyar bincike

An tattauna da masu walda da masu injuna, aka kwatanta aikinsu kafin katse layukan sadarwa da aka yi a Zamfara a Satumbar 2021 da lokacin katsewar.

Sakamako

Tun zuwan GSM Najeriya a 2001 ake sa oda ta waya. Abin da ya zo sabo shi ne gyara daga nesa. Idan inji ya samu matsala, mai shi kan ɗauki ƙararsa ko bidiyonsa ya tura ta WhatsApp. Maƙerin ya saurara, ya gane ko boris ne ya ci ko bel ne ya saki, ya ba direba kayan gyara a tasha, a biya shi ta tiransifa. A yankin da 'yan bindiga ke tare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi, duk tafiyar da aka fasa kariya ce ga rai da jari. Saboda haka mai saye kan fi son maƙerin da ke ɗaga waya, ko da injinsa ya fi tsada.

Da gwamnatin Zamfara ta lokacin, ƙarƙashin Bello Matawalle, ta nemi hukumar sadarwa ta NCC ta katse sabis a jihar, wannan hidima ce ta fara tsayawa. Injin da boris ɗaya zai tayar sai ya zauna makonni, mata suka koma turmi.

Iyakoki

Gaskiya ne an rufe kasuwannin mako, ciki har da ta Shinkafi, an kuma taƙaita sayar da fetur a lokaci guda, don haka ba duk asarar za a ɗora wa rashin sabis ba. Wannan bai rushe hujjar ba.

Kammalawa

Ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ta sa gyara daga nesa cikin horon masu ƙira, hukumomi kuma su lissafa wannan asara kafin su sake katse layuka.