Injiniya tsakanin ma'aikata da masu kamfani

Ɗalibin da ya taso daga Jabo ko Dogon Daji ko Kebbe ya tafi karatun injiniya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, yakan shafe shekaru yana lissafin ƙarfin rodi da kankare da wutar lantarki.

Darasin gudanarwa da na dokokin aiki kuwa, ɗalibai da dama kan ɗauke shi a matsayin na cike gurbi kawai.

Sai dai ranar da aka damƙa wa sabon injiniya leburori da birkiloli da masu walda, a wurin gina gada ko a wata masana'anta, shi ne fuskar kamfanin da ma'aikaci ke gani kullum. A wurinsa ake fara kai kuka, kuma sau da yawa daga bakinsa rigima ke tashi.

Masana'anta mafi girma a kusa da wannan yanki ita ce ta siminti da ke Kalambaina a gefen Sakkwato. An kafa kamfanin a 1962, ya fara aiki a 1967, gwamnati ta sayar da hannun jarinta a shekarar 2000, kuma a yanzu yana ƙarƙashin kamfanin BUA. A irin waɗannan wurare ne, da kuma wajen 'yan kwangilar hanya, ɗalibai ke zuwa horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973.

Injiniyoyi ne suka fara

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, injiniyoyi ne suka aza harsashin ilmin gudanarwa na zamani.

Frederick Taylor, wani injiniya ɗan Amurka, ya riƙa tsayawa da agogo a kan ma'aikatan masana'antar ƙarfe yana auna tsawon lokacin da kowane motsi ke ci, domin ya gano hanya mafi sauri ta yin aiki. Ya wallafa littafinsa a 1911.

Hanyar tasa ta ƙara yawan abin da ake sarrafawa, amma ma'aikata sun ga an mai da su tamkar wani ɓangare na inji. A wannan shekarar ce ma'aikatan wata masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown suka ajiye aiki saboda agogon, har majalisar dokokin Amurka ta gudanar da bincike.

Henri Fayol kuma injiniyan haƙar ma'adinai ne a Faransa. A 1916 ya kasa aikin manaja gida biyar: hangen gaba da tsara aiki, shirya mutane da kayan aiki, ba da umarni, daidaita sassa, da kuma sa ido a kan sakamako.

Ɗaya daga cikin ƙa'idojinsa ita ce kada ma'aikaci ya karɓi umarni daga shugaba fiye da ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin injiniya ya ce a zuba kankare, heluma ya ce a dakata, ɗan kwangila kuma ya bugo waya da wata magana dabam, ya san amfanin wannan ƙa'ida.

Daga baya binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago, tsakanin 1924 da 1932, ya jawo hankali ga cewa yadda ake mu'amala da ma'aikaci da kuma zamansa da abokan aiki suna tasiri a ƙwazonsa. Masana sun yi ta jayayya a kan ingancin binciken, amma darasin ya zauna.

Abin da ya faru a Inugu

A Nijeriya, hukumar mulkin mallaka ta amince da rajistar ƙungiyoyin ƙwadago ne a 1938. A 1945 aka yi yajin aikin gama-gari na farko, wanda ya wuce makonni shida, kan neman ƙarin kuɗi saboda tsadar rayuwa a lokacin yaƙin duniya na biyu. Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ne ya fi yin fice a cikinsa.

Amma lamarin da ya fi dacewa ɗalibin injiniya ya nazarta shi ne na mahaƙar kwal ta Iva Valley a Inugu.

A 1949 mahaƙan sun nemi a biya su wasu kuɗaɗe da suka ce suna bin hukumar mahaƙar. Da magana ta ƙi ci, sai suka shiga jan ƙafa a wurin aiki. Hukumar ta mayar da martani da korar wasu daga cikinsu, su kuma suka zauna a cikin mahaƙar suka ƙi fita.

Ranar 18 ga watan Nuwamba aka tura 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse da ke wurin. Jama'a suka taru, jami'in da ke jagorantar 'yan sandan, wani Bature, ya ba da umarnin a buɗe wuta. An kashe mahaƙa 21, aka jikkata 51.

Takaddama ce ta kuɗin aiki, irin wadda ake warwarewa a kan tebur. Abin da ya ɓata ta shi ne kowane mataki da aka ɗauka ya ƙara toshe hanyar magana, har aka kai inda babu wanda ke jin wani.

Matakan sasantawa

Dangantakar aiki tana da ɓangarori uku: ma'aikata da ƙungiyoyinsu, masu ɗaukar aiki, da gwamnati wadda ke kafa doka tana kuma shiga tsakani. A kan wannan tsari aka gina Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a 1919, wadda Nijeriya ta shiga a 1960.

Babbar ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta samu ne a 1978, bayan gwamnatin soja ta sake wa ƙungiyoyin fasali bisa sana'o'i. Gyaran dokar da aka yi a 2005 ya mai da shiga ƙungiya ganin dama, ya buɗe wa TUC hanyar zama babbar ƙungiya ta biyu, ya kuma wajabta jefa ƙuri'a a tsakanin mambobi kafin tafiya yajin aiki.

Dokar sasanta rikicin aiki ta 1976 ta shimfiɗa matakai. Da farko ɓangarorin biyu za su bi hanyar da suka amince da ita a yarjejeniyarsu. In ta ci tura, sai su zauna a gaban mai shiga tsakani da suka zaɓa tare. In hakan ma bai yi ba, sai a kai rahoto ga ministan ƙwadago, wanda zai iya naɗa mai sulhu, ko ya miƙa batun ga kwamitin yanke hukunci kan rikicin aiki.

Matakin ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga darajarta zuwa sahun manyan kotuna. Tana da reshe a Sakkwato.

Haƙƙin da ke hannun injiniya

Kafin a kai ga kotu, akwai abubuwan da ke wucewa ta kan teburin injiniya kai tsaye.

Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar da ke bayyana sharuɗɗan aikinsa cikin watanni uku da fara aiki. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane, kuma yawancin gardamar da ake yi a wurin gini kan kuɗin yini ko na ƙarin lokaci tana tasowa ne daga maganar baka da ba a rubuta ba.

Sallama ma tana da ƙa'ida. Wanda bai wuce wata uku yana aiki ba ana ba shi sanarwar kwana ɗaya, wanda bai kai shekara biyu ba mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar mako biyu, mai shekara biyar zuwa sama kuma wata guda. In rage ma'aikata za a yi, wajibi ne a sanar da ƙungiyarsu dalili, kuma wanda ya zo daga baya shi ke fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da cancanta.

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma ta tsame aikin da ake yi na wani lokaci a shekara kamar noma, da wanda ake biya gwargwadon abin da mutum ya yi.

Wannan tsamewa tana da muhimmanci a kudancin Sakkwato, inda da yawan leburori manoma ne 'yan cin-rani, ba su da ƙungiya, ba su da takarda. Mutuncin heluma da na injiniya ne kusan dukkan kariyar da suke da ita. Injiniyan da ya tsara aikinsa bai sa faɗuwar damina a lissafi ba, zai wayi gari ma'aikatansa sun koma gona, haka kuma wanda ya manta da sallar Juma'a ko zafin rana a watan azumi.

Batun lafiya ya fi kowanne nauyi. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace injina masu haɗari da kai rahoton hatsarin da ya jawo mutuwa, ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku. Dokar diyya ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ga asusun NSITF, wanda daga ciki ake biyan wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki.

Shi kansa injiniyan fa?

A nan ne sababbin injiniyoyi kan sha mamaki. Ma'anar "ma'aikaci" a dokar ƙwadago ta shafi masu aikin ƙarfi da akawuna ne. Ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, wanda ke nufin injiniya ba zai jingina da yawancin tanade-tanadenta ba.

Kariyarsa tana cikin takardar ɗaukarsa aiki da littafin sharuɗɗan aiki na kamfanin, don haka ya kamata ya karanta su da kyau kafin ya sa hannu. In aka saɓa musu, Kotun Ma'aikata tana da hurumin sauraron ƙararsa.

Ta fuskar ƙungiya ma an raba. A harkar man fetur, alal misali, ƙananan ma'aikata na cikin NUPENG, manya kuma, har da injiniyoyi, na cikin PENGASSAN. Wanda ya kai matsayin da ake ɗaukarsa a matsayin mai magana da yawun kamfani, doka ta hana shi zama mamba ko riƙe muƙami a ƙungiyar da hakan zai raba masa biyayya gida biyu.