Tushen Kiɗa da Waƙa da Hanyar Koyar da Su ga Yara a Wurma da Kewaye

Gabatarwa

Wurma gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Kurfi, maƙwabciyar Dutsin-Ma, a tsakiyar Jihar Katsina. Mun shirya wannan bayani ne domin iyaye da malaman firamare da masu unguwanni da jami'an ilimi na wannan yanki. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9, wadda ta biyo bayan dokar shekarar 2004, ta sanya kiɗa da waƙa cikin darasin al'adu da fasaha. Sai dai sau da yawa akan tsallake darasin da hujjar rashin kayan aiki, alhali kuwa yaron ƙauye yakan zo aji da tushen ilimin tun daga gida, daga waƙar reno da waƙar daka da gaɗa da tashe. Aikin malami shi ne ya tsara abin da yaron ya riga ya sani.

Ginshiƙai Uku

Na farko shi ne bugu, wato daidaita lokaci. Matan da ke lugude a turmi ɗaya ba sa haɗa taɓare, domin kowacce ta san lokacin da za ta sauke tata. Wannan shi ne ma'aunin da kowane kiɗa ke tafiya a kansa.

Na biyu shi ne hawa da saukar murya. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalangu yana bin wannan ƙa'ida: idan makaɗi ya matse tsirkiyoyinsa a hammata sai sautin ya hau, idan ya saki sai ya sauka. Da haka ne yake kaɗa taken mutum har a gane wanda ake nufi.

Na uku shi ne bayarwa da amshi. Jagora yana ba da waƙa, sauran suna amsawa. A nan ne yaro ke koyon saurare da jiran lokacinsa.

Rabe-raben Kayan Kiɗa

Ya kamata yaro ya san kasusuwa huɗu. Akwai na fata, kamar ganga da kalangu da kotso da tambari. Akwai na busa, kamar algaita da kakaki da sarewa. Akwai masu tsirkiya, kamar goge da garaya da gurmi da kuntigi. Sannan akwai waɗanda jikinsu ne ke ba da amo, kamar ƙwarya da shantu da kuge. A bayyana wa yara cewa kowane kiɗa yana da muhallinsa: tambari da kakaki na sarauta ne, kalangu a asali na mahauta ne, gangar noma kuma ta ranar gayya ce.

Jiharmu tana da misalai. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi waƙa da kalangu har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da kiɗan ƙwarya, ta rasu a 2013.

Matakan Koyarwa

1. A fara da kunne. Malami ya rera gajeriyar waƙa sau da yawa kafin ya nemi yara su maimaita.
2. A biyo da tafi da taku. A raba aji biyu, sashe ɗaya ya riƙe bugu, ɗayan ya shiga tsakani.
3. A shigar da murya. Kowane yaro ya sami ranar da zai zama jagora, har da mai kunya.
4. A kawo kayan kiɗa daga abin da ke hannu: ƙwarya da aka kifa, gwangwani, ko gora mai tsakuwa a ciki.
5. A bar rubutu a ƙarshe. Tun daga aji 4 ana iya rubuta waƙar a allo, a ja layi a ƙarƙashin gaɓar da tafi ke faɗawa.

Darasi ya kasance gajere amma a kai a kai, domin da yayyafi kogi kan cika.

Damuwar Iyaye

Mun san wasu iyaye na fargabar kada ɗansu ya ɗauki roƙo sana'a, ko ya koyi waƙar batsa. Wannan damuwa abar dubawa ce. Maganinta shi ne malami ya zaɓi waƙoƙin tarbiyya da tsafta da ƙidaya, kuma ya sanar da kwamitin iyaye abin da yake koyarwa. Karantarwa ta hanyar waƙa tsohuwar al'ada ce a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta ilimantar da matan karkara ta hannun 'yan taru.

Kammalawa

Matsalar tsaro da yankin Kurfi da Dutsin-Ma ya fuskanta a shekarun baya-bayan nan, tare da yaɗuwar wayar hannu, sun rage fitar yara dandali da dare, inda a da suke koyon waɗannan waƙoƙi a bakin yayyensu. Waƙar da ba a rubuta ba, idan tsara ɗaya ta daina rera ta, ta tafi ke nan. Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu su ba darasin lokacinsa, su kuma gayyato dattawa mata da maza su rera wa yara abin da suka gada. Muna kuma shawartar jami'an ilimi su nemi haɗin kan Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wajen rubuta waƙoƙin yaran yankin da naɗar su, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.