Mutum Nawa Ya Kamata Mai Bincike Ya Yi Hira da Su?

Binciken hira hanya ce ta fahimtar rayuwar jama'a daga bakinsu. Ya bambanta da binciken ƙididdiga, wanda ke buƙatar ɗaruruwa ko dubban mutane domin fitar da kaso. A binciken hira, zurfin bayani ake nema, don haka ba a ɗaure mai bincike da adadi guda ba.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ƙosawar bayani, wato lokacin da sabuwar hira ta daina kawo sabon batu. Glaser da Strauss ne suka gabatar da tunanin a 1967. A 2006, Guest da Bunce da Johnson sun nazarci hirarraki 60 da mata a Ghana da Najeriya, suka gano cewa kusan duk batutuwan sun bayyana a hirarraki 12 na farko. Sai dai matan suna da yanayin rayuwa iri ɗaya, tambayoyin ma iri ɗaya ne. A 2017, Hennink da abokan aikinta sun nuna cewa hirarraki 9 sun isa a gano batutuwa, amma fahimtar ma'anarsu ta buƙaci 16 zuwa 24.

Wani lokaci mutum ɗaya ya wadatar. Tsakanin 1949 da 1950, Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, littafin ya fito a 1954. Har yau ana dogaro da shi wajen sanin rayuwar matan Hausawa, amma shaidar mace ɗaya ce, ba ta wakiltar kowa.

Garin Fau da ke jihar Gadarif a Sudan, cibiyar aikin noman rani na Rahad, misali ne na inda adadi 12 kan iya gazawa. Hausawan Sudan ba su zo lokaci guda ba: wasu jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne, wasu zuriyar maniyyata da suka yada zango a hanyar Makka. Akwai masu gona, akwai 'yan ƙwadago, akwai matan kulle da namiji baƙo ba zai gana da su ba, ga kuma matasan da Larabci ya fi musu sauƙi. Wanda ya saurari dattawa 12 a ƙofar masallaci zai ji maganarsu ta daidaita, alhali sauran rukunonin bai ji su ba. Irin wannan rahoto kan iya karkatar da tallafi daga masu buƙata.

Saboda haka, ana son mai bincike ya bayyana abubuwa huɗu a rahotonsa: manufar binciken, rukunonin da ya zaɓa da dalili, hirar da sabbin batutuwa suka daina fitowa, da waɗanda bai samu jin ta bakinsu ba.