Tarihin da ke Ɓoye a Cikin Kalmar "Chore"

A Edinbara da gabashin Sikotlan, har zuwa arewa maso gabashin Ingila, akwai wata kalmar aikatau da samarin unguwa ke amfani da ita, wato "chore" ko "chorie", ma'anarta kuwa a sace ko a yi awon gaba da abin wani. Ba ta cikin daidaitaccen Turanci, amma mai nazarin tarihi ba zai raina ta ba.

Asalinta ba Turanci ba ne. An aro ta daga harshen Romani, inda "chor" ke nufin ɓarawo, kamar yadda yake a Hindi har yau. Irin wannan kamanci ne ya tabbatar wa masana harshe cewa kakannin Romawan yawo, waɗanda Turawa suka zaci Misirawa ne, daga Indiya suka fito.

Takardun mulkin Sikotlan sun ambace su a shekarar 1505, zamanin Sarki James na Huɗu. Da fari an karɓe su da mutunci, har a 1540 James na Biyar ya amince wa shugabansu John Faa ya riƙa hukunta jama'arsa. Amma zaman bai ɗore ba. A 1609 majalisar ƙasar ta kafa dokar korarsu, ta yadda sanin mutum a matsayin "Bamisire" kaɗai ya isa a yanke masa hukuncin ɓarawo. Wannan doka na cikin abin da aka kama James Macpherson da shi aka rataye shi a garin Banff a 1700.

Duk da haka ba su ƙare ba. Wasu suka zauna a ƙauyen Kirk Yetholm kusa da iyakar Ingila, suna ƙira da cinikin dawakai. Cuɗanya a kasuwa ita ta shigar da kalmominsu bakin talakawa, ciki har da "gadgie", wato mutum, da "pal", aboki, wadda tushenta ɗan'uwa ne.

Sai dai a yi hattara. Aron kalmar sata daga wata al'umma ba hujja ba ce cewa ɓarayi ne. Kowane harshe yana da sunan sata. Abin da yake nunawa shi ne irin idon da maƙwabta da hukuma suka dube su da shi. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya riƙi laƙabin da aka yi wa jama'a a matsayin shaida, ya bi sahun majalisar 1609 ke nan.