Riƙon marayun dangi da haƙƙin kakanni na ganin jikokinsu

A daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019, wata tankar man fetur ta kama da wuta kusa da filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai, ba nisa da unguwar Tallaje, ta hallaka mutane fiye da 55. Bayan irin wannan masifa, da zarar 'yan ta'aziyya sun watse, tambayar da ke jiran dangi ita ce: wa zai riƙe yaran? Idan nauyin ya faɗo a kanka, ga abubuwan da ya kamata ka sani.

Wace doka ake bi?

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. A sha'anin aure, gado da riƙon yara, alƙali yakan bi al'adar masu shari'ar, da taimakon masana al'ada da ke zama tare da shi. A wurin yawancin jama'a, al'adar ta cakuɗu da fiƙihun Malikiyya. Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin yara a 1990, wadda ta ce maslahar yaro ce abin fara dubawa.

Wa ya fi cancanta?

Ka bambanta reno da kula da dukiya. A Malikiyya, reno na uwa ne. In ta rasu ko ta auri bare, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Dukiyar yaro kuwa tana hannun uba, ko wasiyyin da ya naɗa, ko wanda alƙali ya zaɓa. A al'ada, dangin uba sukan ɗauka yara nasu ne, kuma daga nan rigima kan tashi. Kada a raba yaro da uwarsa tana cikin takaba, kada kuma a rarraba 'yan'uwa gida-gida in akwai yadda za a yi.

Matakan da za ka ɗauka

Ka karɓi takardar mutuwa a ma'aikatar magajin gari. Tallaje tana cikin gunduma ta 4. Ka tattara takardun haihuwar yaran. Sannan a kira taron dangi, na uba da na uwa duka, a tsai da mai riƙo, a kai maganar kotu don a ba ku takardar taron. Da ita ake neman kuɗin da mamaci ya bari a banki, ko fanshon marayu a asusun CNSS in ma'aikaci ne mai rajista. A rubuta dukiyar yaran a gaban shaidu. Amana ce a hannunka, ba ladan riƙo ba.

Kakanni fa?

A Faransa, tun 1970 doka ta kare hulɗar jika da kakanninsa. A nan, galibi abin ya dogara ne ga zumunci da abin da dangi suka shirya. Don haka kada a bar shi a baki kawai. A rubuta ranakun ziyara, da inda yaro zai yi hutun makaranta da salla, da wanda zai kai shi ya dawo da shi. Tsohuwar da ta binne 'yarta, jikan nan ne ya rage mata. Shi ma a bakinta zai ji labarin uwarsa.

Idan an hana ka ganin jikanka, kada ka ɗauke shi daga makaranta a ɓoye, kada kuma ka zagi mai riƙonsa a gabansa. Ka fara da mai unguwa ko limami don sulhu. In abin ya gagara, ka je kotu. In ka ga alamar duka, yunwa ko cire yaro daga makaranta don talla, ka sanar da alƙalin ƙananan yara ba tare da jinkiri ba.