Fenti da Tarihin Jiragen Kamfanin Air Afrique (1961–2002)

Gabatarwa

Duk wanda ya san filin jirgin saman Yamai kafin shekarar 2002 ya san wani farin jirgi mai ratsin kore, wanda aka zana wa kan barewa a jela. Wannan shi ne jirgin Air Afrique, kamfanin da ƙasashen Afirka rainon Faransa suka haɗa hannu suka kafa, cikinsu har da Nijar. Wannan maƙala za ta bi tarihin kamfanin ta hanyar jiragensa masu injin jet da kuma fentin da aka yi musu, domin a ga yadda aka faro, da abin da ya kawo durƙushewarsa.

Kafuwar kamfani

Ranar 28 ga Maris 1961 shugabannin ƙasashe 11 suka sa hannu a kan yarjejeniyar Yawunde, babban birnin Kamaru. Ƙasashen su ne Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Cadi, Kwango Barazabil, Dahome (Binin ta yau), Gabon, Kwadibuwa, Muritaniya, Nijar, Sanagal da Bolta ta Sama (Burkina Faso ta yau). A lokacin Diori Hamani ne shugaban Nijar. Dalilin haɗuwar a fili yake: ba su daɗe da samun ƴancin kai ba, kuma babu ɗaya cikinsu da ke da kuɗin sayen manyan jirage ko ƙwararrun da za su tuƙa su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasashen suka riƙe kashi 66 cikin ɗari na hannun jari, ragowar kashi 34 kuma yana hannun kamfanonin Faransa, wato Air France da UAT. Aka ajiye hedkwata a Abijan, aka naɗa Cheikh Fal, ɗan Sanagal, shugaban kamfani na farko. Togo ta shigo a 1968, Mali kuma a 1992.

Fenti da tambari

Fentin jirgi kamar rigar ɗan sanda ne: tun daga nesa ake sanin na wane ne. A shekarun 1960 da 1970 yawancin kamfanoni salo ɗaya suke bi. Ana shafa farin fenti a saman jirgi saboda fari yana rage zafin rana, abin da ke da amfani ƙwarai ga jirgin da zai tsaya a Yamai ko Injamena da tsakar rana. Sai a ja ratsi mai launi daga hanci zuwa jela, daidai layin tagogi. Ƙasan jirgi kuwa sau da yawa ana barinsa da launin ƙarfe ko ruwan toka, domin fentin babban jirgi yana da nauyin ɗaruruwan kilo, kuma kowane kilo mai yake sha.

Air Afrique ya zaɓi kore a matsayin launin ratsinsa. Tambarinsa kuma baƙin kan dabbar daji ne mai dogon ƙaho, irin barewa, an ɗora shi a kan hoton duniya. Abin lura shi ne tambarin ba na ƙasa ɗaya ba ne, domin kamfanin ƙasashe da yawa ba zai ɗauki tutar ɗaya ya bar sauran ba. Maimakon haka sai aka riƙa raɗa wa jiragen sunayen manyan biranen ƙasashen, don kowace ta ga rabonta. Lambobin rajistar jiragen suna farawa ne da haruffan TU, alamar Kwadibuwa, inda hedkwata take. Alamar Nijar 5U ce, ta Nijeriya kuma 5N.

Jiragen da suka yi aiki

Da farko kamfanin jirage masu farfela ya yi amfani da su, yana kuma hayar jirgin jet daga abokan hulɗarsa na Faransa. A 1963 ya karɓi nasa na kansa, wato Douglas DC-8, ƙirar Amurka mai injina 4 a ƙarƙashin fukafukai. Shi ya riƙe dogon zango tsakanin biranen Afirka da Faris, daga baya har zuwa New York.

A 1967 Caravelle ya iso. Ƙirar Faransa ne, injinansa 2 suna manne a baya kusa da jela, tagoginsa kuma masu kusurwa uku ne, don haka ba a rikita shi da wani jirgi. Aikinsa shi ne gajeren zango tsakanin biranen yankin.

A 1973 sai ga DC-10, babban jirgi mai faɗin ciki, mai hanyoyin wucewa biyu tsakanin kujeru. Injinansa 3 ne: biyu a fukafukai, ɗaya a gindin jela. Da zuwansa yawan fasinjojin da ake ɗauka a sahu ɗaya ya ƙaru sosai, har da maniyyata masu zuwa Jidda lokacin aikin hajji. Daga 1981 kamfanin ya karkata ga ƙirar Turai, inda ya fara da Airbus A300, sannan A310 a farkon shekarun 1990.

Tarihin DC-10 a wannan yanki yana da baƙin shafi. A watan Yuli 1987 wani ɗan bindiga ya yi fashin jirgin Air Afrique da ya taso daga Barazabil, ya tilasta shi sauka a Janeba, ya kashe fasinja ɗaya Bafaranshe. Ranar 19 ga Satumba 1989 kuma bom ya tarwatsa DC-10 na kamfanin UTA, abokin hulɗar Air Afrique, a sararin Tenere cikin Nijar, bayan ya tashi daga Injamena. Mutane 170 suka mutu. A 1999 wata kotun Faransa ta yanke wa ƴan Libiya 6 hukunci ba tare da sun halarci shari'ar ba. A 2007 iyalan mamatan suka gina wurin tunawa da baƙaƙen duwatsu a cikin hamadar, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye.

Durƙushewa

Tun da wuri ɓaraka ta kunno kai. Kamaru ta fice a 1971 ta kafa Cameroon Airlines, Gabon ta bi sahu ta kafa nata kamfanin a 1977. Waɗanda suka rage kuma kowace tana son jirgi ya sauka a babban birninta, ko da fasinja ko babu, tana kuma son a ɗauki ƴaƴanta aiki. Ma'aikata suka yi wa jiragen yawa. Gwamnatoci suna karɓar tikiti bashi, biya kuma sai an ga dama.

A 1989 aka miƙa ragamar kamfanin ga wani Bafaranshe, Yves Roland-Billecart. Ya rage ma'aikata, ya kawo sababbin jirage da kuɗin rance. Sai ga shi a watan Janairu 1994 an karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kamfanin yana sayar da tikiti da yawa da sefa, amma jirage da mai da kayan gyara da kuɗin waje yake biya, saboda haka nauyin bashinsa ya ninka. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace jiragen A310 guda 4. Aka yi ta canza shugabanni ba a ga sauƙi ba. A farkon 2002 jiragen suka daina tashi, a cikin shekarar kuma aka rushe kamfanin, dubban ma'aikata suka rasa abin yi.

Maƙwabta ma ba su tsira ba. Nigeria Airways, mai fenti kore da fari da tambarin giwa mai fukafukai, wanda shi ya karɓi DC-10 na ƙarshe da aka ƙera a 1989, ya tsaya a 2003. Cameroon Airlines ya bi shi a 2008.

Kammalawa

Bayan rushewar Air Afrique tafiya tsakanin biranen yankin ta yi wuya, har wani lokaci matafiyi sai ya bi ta Faris kafin ya isa wata ƙasar Afirka. Wannan giɓi ne kamfanin ASKY ya fara cikewa daga Lome a 2010, da taimakon Ethiopian Airlines, kuma ƴan kasuwa da bankunan yankin ne suka kafa shi. Tarihin jiragen masu kan barewa ya nuna cewa ƙananan ƙasashe suna iya haɗa ƙarfi su riƙe babban kamfani har shekara 40. Ya kuma nuna abin da ke faruwa da dukiyar tarayya idan kowa yana ɗiba, masu zubawa kuma sun yi ƙaranci.