Daga Kafin Alƙalami Zuwa Kuɗin Kati

Baffana tela ne a Fagge. Wata huɗu ya yi yana danne ƙirji da tafin hannu, in ya miƙe daga kan keke jiri ya ɗebe shi sai ya dafa bango. Na ce, "Baffa, mu je a duba ka mana." Ya ce, "Da wane kuɗin, ɗan nan? Olsa ce, yaron kemis ya ba ni magani." Ba shi da inshorar lafiya, kamar yawancin masu sana'ar hannu, kuma kuɗin asibiti ya fi ciwon ba shi tsoro.

Wannan tsoro ba gadonmu ba ne. A zamanin kakana, in jiki ya yi nauyi, wanzamin gidanmu zai zo da zabirarsa ya yi ƙaho. In wurin malam aka je, a ajiye kafin alƙalami, sauran sai an samu sauƙi, ko a bari kaka ta yi a kai damin gero. Ƙaho ba ya gano ciwon zuciya, amma ba wanda ya fasa neman magani don aljihunsa wayam.

A ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe asibitin birnin Kano, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad. Da farko gudunsa ake yi, don tsoron allura da wuƙar likita. Zuwa shekarun 1970, da kuɗin mai ya yawaita, an saba. Baffa yakan tuna yadda suke zuwa asibitin sha-ka-tafi da kwalbarsu daga gida, dispensa ya cika ta da maganin ruwa, su dawo ba su biya ko kwabo ba.

A 1986 al'amari ya juya. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada, kantocin asibiti suka bushe. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka amince majiyyaci ya riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sayo wani. Daga nan likita ya koma rubuta takarda, kai kuma ka je ka nemo. Sai kemis ya zama likitan talaka: yana bakin layi, yana ba da bashi, yana ɓallo ƙwaya daidai kuɗinka. Sai dai ba shi da hurumin gano cuta, ba shi da na'urar duba zuciya.

An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, amma sai 2005 shirin ya fara aiki, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ya fi amfana. Jihar Kano ta yi tata dokar taimakekeniyar lafiya a 2016, a 2022 kuma sabuwar dokar ƙasa ta wajabta inshora a kan kowa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa.

Mu dai karo-karo muka yi, ni da 'ya'yan Baffa. A asibitin unguwa aka yanka masa kati, ma'aikaciya ta ɗaura masa awo a damtse, ta kalli lambar, ta sake aunawa, sannan ta tura mu babban asibiti. Can aka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane. Hawan jini ne, har ya fara taɓa zuciya. Da muka zauna lissafi, abin da ya kashe a kemis cikin wata huɗu ya zarce kuɗin kati da gwajin gaba ɗaya.

Ciwon ƙirji mai tafe da jiri, ko gumi, ko sarƙewar numfashi, ba ya jiran ɗinkin sallah ya kawo kuɗi. Dokar lafiya ta 2014 ma ta hana a mayar da mai jinyar gaggawa. Kakanninmu sukan fara neman magani, biya ya biyo baya. Baffa ya koma kan kekensa, maganinsa na cikin gwangwanin zare, kuma duk abokin sana'ar da ya ga yana dafe ƙirji, shi ne mai fara ce masa, "Tashi mu je."